Yadda Ake Sake Zuba Windows Ba Tare Da Asarar Fayil Ba

Duk lokacin da ɗaliban jami'a a nan Damagaram suka kusa miƙa kundin kammala karatu, sai an kawo mini kwamfutar da ta ƙi tashi. Abin da ke ƙona mini rai, sau da yawa wani aboki ya riga ya goge diskin. Ƙin tashi ba ya nufin fayilolinka sun tafi. Suna nan, hanyar shiga ce ta toshe.

Nemi kile biyu na USB. Ɗaya mai giga 8 ko fiye, a zuba mata Windows da Media Creation Tool, manhajar Microsoft ta wannan aikin, a wata kwamfutar. Aikin zai share duk abin da ke cikinta. Sauke shi na cin giga da yawa, gara ka je inda ake da wifi da ka ƙarar da kuɗinka a waya. Ta biyun ta kwashe kaya ce. In za ka saya a kasuwar Dole, gwada ta tukuna, akwai na jabu.

Cika batir, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki masifa ce. Soka kile mai Windows, kunna, ka yi ta danna F9 a HP, F12 a Dell ko Lenovo, don ka zaɓi kwamfutar ta tashi daga kilen.

A nan ake yin ɓarna. Da allon farko ya fito, kada ka danna komai. Haɗa Shift da F10, baƙin allo zai buɗe. Rubuta notepad, ka shiga Fichier, sai Ouvrir, ka zaɓi Tous les fichiers. Ga diskinka nan, ko da yake a nan yana iya zama D: maimakon C:. Shiga Users, kwafi Documents, Desktop da hotuna zuwa kile ta biyu. Ba za ka ga alamar tafiyar kwafin ba, allon zai yi cik kamar ya mutu. Na taɓa zare kile a wannan gaɓar, rabin hotunan bikin ƙanwata ne kawai suka fito, kuma ban duba ba sai da na gama goge diski. Ka jira. Sannan ka kai kilen wata kwamfuta, ka buɗe fayilolin da idonka.

In diskin ya nemi lambar BitLocker (makullin da Windows ke sa wa diski) mai alƙaluma 48, dakata, ka nemo ta a asusunka na Microsoft.

Sauran mai sauƙi ne. Koma allon zuba Windows, zaɓi Personnalisé, ka nuna ɓangaren diskin da tsohon Windows yake, danna Suivant. Formater da Supprimer, ni dai ban yarda hannunka ya kai gare su ba. Tsofaffin kayanka za su koma jakar Windows.old, amma bayan kwana 10 tana goge kanta, don haka kwashe su a ranar. Office da sauran manhajoji kam sai ka sake zuba su.