Yadda za ki yi idan kilo ya tsaya cak kina azumin rage ƙiba, alhali saura kaɗan ki kai inda kike so

Akwai inda kusan duk mai azumin rage ƙiba yake zuwa ya maƙale, wato kin sauke kilo 10 ko 12 lafiya lau, saura 3 ko 4 ki kai inda kika sa wa ranki, sai sikeli ya ƙi motsi, sati uku sati huɗu lamba ɗaya yake nuna miki, kuma ke a ganinki ba abin da kika canza, har yanzu awa 16 kike yi daga ruwa sai shayi ba suga, sannan ki ci abincinki cikin awa 8. A nan ne mutane suke ƙara wa azumin tsawo, daga 16 a koma 20, wasu ma su koma cin abinci sau ɗaya a rana. Don Allah 'yar uwa kar ki fara da wannan, matsalar yawanci tana cikin awa takwas ɗin da kike ci ne. Maza masu fama da tumbi ku ma da ku nake.

Da farko ki tabbatar ya tsaya ɗin da gaske. Ki riƙa hawa sikeli da safe bayan kin zaga, kafin ki sa komai a ciki, sikeli ɗaya kullum, a kan siminti ko tayil ba kan kafet ba, ki rubuta, ƙarshen sati ki haɗa ki raba gida bakwai, wannan lambar ce za ki kwatanta da ta satin gaba. Domin ruwan jiki kaɗai yana iya ƙara miki kilo 1 ko 2 a kwana guda, miya ta sha gishiri da magi, ko kin ci tuwo da yawa da daddare, ko al'ada ta kusa, duk jiki zai riƙe ruwa. Ki samo tef ɗin tela ki riƙa awon cikinki daidai saitin cibiya sau ɗaya a sati, in dai awon yana raguwa toh kitse na tafiya ko da sikeli bai nuna ba.

In kin ga sati uku zuwa huɗu ba kilo ba awo, toh shi ne ya tsaya, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jikin da ya ragu abincin da yake buƙata ma ya ragu, Keke Napep ai ba ya shan man da babbar mota ke sha. Masu bincike sun lissafa cewa duk kilo ɗaya da mutum ya sauke, abin da jikinsa ke ƙonawa a rana yana raguwa da kamar kalori 20 zuwa 30 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), ita kuma yunwa tana ƙaruwa da kusan kalori 100, kin ga kwanon da ya rage miki ƙiba a watan farko yanzu shi ne daidai cikinki, ga shi hannu yana ta ƙara loma ba ki ankara ba. Shi kuma agogo ba shi ke narkar da kitse ba. A 2022 an wallafa wani bincike da aka yi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, mutum 139 tsawon shekara guda, duka an rage musu abinci, rabi suna ci daga 8 na safe zuwa 4 na yamma kawai, rabi kuma duk lokacin da suka ga dama, na farkon suka sauke kusan kilo 8, na biyun kilo 6 da ɗan wani abu, bambancin da masu binciken suka ce bai taka kara ya karya ba. Azumin yana taimaka miki ne ki ci kaɗan, in kin rama a cikin awa takwas shikenan an koma gidan jiya.

Saboda haka mataki na gaba, wanda ni a wajena ya fi kowanne, ki ɗauki sati ɗaya kina rubuta duk abin da ya shiga bakinki, duka fa, har ɗanɗanon miya wajen girki, da ragowar taliyar yara da kika ce kar a zubar, da cincin ɗin da aka ajiye miki gidan suna. Ki fara duba mai, cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, mu kuwa da ludayi muke zubawa, ki kalli shinkafa da wake da mai da yaji yadda man yake kwanciya a gindin kwano in an gama ci, ko ɗan wake da aka yi wa ambaliya. Sai abin sha, robar lemo ta 50cl takan kai kalori 200, suga kusan cokalin shayi 12, zoɓo da kunun aya da fura in an zuba musu suga su ma ba su da nisa da hakan, kuma ba sa ƙosarwa. Gyaɗa ma abinci ce mai kyau amma giram 100 ya haura kalori 550, ana hira ana watsawa baki sai ta ƙare. Ba sai kin daina tuwo ba, kalori 200 zuwa 300 kawai ake nema ki cire a rana, ki auna mai da cokali, ki mayar da lemo ruwa, malmala biyu ta koma ɗaya da rabi, sau da yawa wannan kaɗai ya isa sikeli ya motsa.

Daga nan sai ki gyara abin da kike buɗe baki da shi. Ki fara da abinci mai gina jiki wato furotin, dafaffen ƙwai, alala, wake, kifi, nono ba suga, awara in ba ta sha mai ba, sannan rabin faranti ya zama ganye, kwaɗon zogale ko rama ko kabeji da kokwamba, tuwo ko shinkafa su zo daga baya. Furotin yana riƙe ciki kuma yana kare tsoka, ita kuwa tsokar in ta zube ƙonawar jiki ƙara raguwa take. In da hali ki matso da lokacin cin ki gaba, misali 10 na safe zuwa 6 na yamma, cin dare mai nauyi a kwanta shi ne ya fi kayar da mu. Masu azumin Litinin da Alhamis ma a buɗe baki abin yake lalacewa, ƙosai da soyayyen dankali da kunu a zama ɗaya.

Motsa jiki kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 ta ce a sati, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu, ba sai kin je jim ba, tsugunna ki miƙe sau 15 ki huta ki sake, ɗaga galan ɗin ruwa, tafiya mai sauri bayan la'asar. Barci ki nemi awa 7, an gwada a Amurka a 2010, masu rage abinci da suka yi barcin awa biyar da rabi kitsen da suka sauke bai kai rabin na lokacin da suka samu awa takwas da rabi ba.

In kuma kin kai wata da watanni kina matse kanki, ga jiri ga faɗa ba dalili ga gashi na zuba, ki huta sati ɗaya ko biyu ki ci daidai ƙoshi ba rama bashi ba, sannan ki dawo. Kilo na ƙarshe a hankali suke tafiya, kwata zuwa rabin kilo a sati ma ci gaba ne. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Instagram ki rabu da shi, da yawansu gudawa da fitsari suke sawa, ruwa ne ke fita. Mai ciki da mai shayarwa da yaran da ba su kai 18 ba wannan azumin ba nasu ba ne, mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin da mai olsa sai da izinin likita. In kin yi duk wannan wata biyu shiru, musamman in ga yawan kasala ko al'ada ta rikice ko kina kan wani magani, ki je asibiti a duba miki suga da tayirod, wato wata halitta a wuya da ke daidaita yadda jiki ke ƙona abinci, ki tafi da takardar da kika rubuta abincin nan da awon ƙugunki likita ya gani.