Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin turin farfela

Masu haɗa ƙananan jirage marasa matuƙi sukan lissafa turin farfela da ƙa'idar T = CT × ρ × n² × D⁴. Ita ƙa'idar ba ta da laifi, a wajen alƙaluman da ake zuba mata ne ake yin ɓarna.

Babbar matsala ita ce ma'auni. T shi ne turin, CT adadi ne da ke nuna yadda siffar farfela ke tura iska, ρ kuma nauyin iska ne da kilogiram a kowace mita kubik. Harafin n juyin farfela ne a daƙiƙa ɗaya, ba a minti ba, D kuma faɗinta ne da mita. Farfelar da aka rubuta wa 10x4.5 faɗinta inci 10 ne, wato mita 0.254. In tana juyi 6,000 a minti, ka raba da 60, ka samu 100. A ce CT ɗinta 0.11 ne, nauyin iska kuma 1.225, turin zai kama niyuton (ma'aunin ƙarfin turi) 5.6, kimanin kilogiram 0.57 in ka raba da 9.81, wato giram 570. Wanda ya manta ya zuba 6,000 kai tsaye, amsarsa za ta ninka gaskiya sau 3,600.

Wasu kuma su ninka KV na inji, wato juyinsa a minti ga kowane volt ɗaya, da volt ɗin batir su ce sun samu juyi. Wannan juyin inji ne da babu komai a kansa. Da zarar an ɗaura farfela sai ya ragu. A auna shi da farfelar a jiki.

Shi ma 1.225 ɗin nan na iskar gaɓar teku ne a zafin digiri 15. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, nauyin iska ya ragu da wajen kashi 11 cikin ɗari, turi ma haka. Zafin bazara yana ƙara rage shi.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi, a ganina, shi ne ƙara faɗin farfela da ka. Daga inci 10 zuwa 11, in juyi bai canza ba, turi zai ƙaru da kashi 46, amma ƙarfin da inji zai bayar sai ya ƙaru da kashi 61. Nan ne ake jin ƙauri.

Sannan turin da aka samu a tsaye ba shi ne na cikin tafiya ba, yana raguwa yayin da jirgi ke ƙara gudu. CT kuwa kada a ƙaga shi. Jami'ar Illinois ta Amurka ta wallafa gwaje-gwajen ƙananan farfeloli masu yawa. In babu taka a ciki, ɗaure injin a kan sikeli, farfela na hura iska sama, ka karanta giram nawa ya ƙaru.