Yadda ake zuwa kallon ruwan Dudhsagar a Indiya

In kana Indiya, karatu ya kai ka ko rakiyar mara lafiya, kuma ka samu kwana biyu na kanka, ka leƙa Dudhsagar. Ruwa ne da yake zubowa daga kan dutse a cikin daji, a iyakar jihar Goa da Karnataka, tsayinsa ya kai mita 310, hawa huɗu yake gangarowa. Sunan ma ma'anarsa tekun madara, in ka ga farinsa ba sai an maka bayani ba.

Farko dai ka duba wata. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, rafuka sun cika, ana rufe hanyar mota. Ni a ganina Oktoba zuwa Disamba ya fi, ruwan da sauran ƙarfinsa kuma hanya ta buɗe, in ka bari sai Afrilu za ka tarar ya rame.

Sai ka nufi ƙauyen Kulem, ko a jirgin ƙasa daga garin Madgaon da ke Goa ko ka ɗau shatar tasi. Ka yi sammako fa, don layi yana tsawo kuma mutanen Indiya ba sa wasa da yawon ƙarshen mako. A Kulem motarka ta tsaya kenan, jif ɗin 'yan garin ce kaɗai take shiga gandun dajin Bhagwan Mahavir, za a haɗa ku da wasu a cika mota, ka biya kuɗin jif da na shiga daji da na rigar da ke hana nutsewa, wannan rigar dole ce ko da ka iya iyo kamar kifi.

Hanyar ba kwalta, gargada ce da tsallake rafuka, kar ka cika ciki kafin ka hau.

Inda jif ta ajiye ku akwai 'yar tafiyar ƙafa a kan duwatsu masu santsi, saboda haka ka bar silifas a masauki ka sa kambas. Waya a leda. Birai kuma sun saba da mutane, ka fito da ayaba ko biskit a gabansu ka ga ikon Allah.

Akwai gadar jirgin ƙasa da ta ratsa ta gaban ruwan can sama, in ka yi sa'a jirgi zai wuce kana tsaye. Amma kar wani ya ruɗe ka ku bi layin dogo da ƙafa, an hana, ana kama mutane. Ka riƙe lambar jif ɗinku, lokacin da ake ba ku a wurin ƙayyadadde ne kuma motocin duk kamarsu ɗaya.