Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin om da wat

Ƙa'idar da Bajamushen nan Georg Ohm ya fitar a 1827 ba ta da tsawo. Idan ka san bolt (V) da amfiya (I), turjiyar abu a om ita ce R = V ÷ I, wat kuma P = V × I. Amma daga ɗaliban Samaru har yaran shagunan gyara na Sabon Gari, wurare kaɗan ne kowa ke tuntuɓe a kansu.

Na farko shi ne miliamfiya. A ce za ka kunna ƙaramin ƙwan LED da batir mai bolt 12, ƙwan yana cin miliamfiya 20, kana neman om ɗin rizistan da za ka haɗa masa, wato ɗan abin da ke rage amfiya. Sai yaro ya raba 12 gida 20, ya samu om 0.6, ƙwan ya ƙone nan take. Miliamfiya 20 amfiya 0.02 ne. Kuma ƙwan kansa yana riƙe kusan bolt 2 idan ja ne, saura 10 ke kan rizista. Amsar ita ce 10 ÷ 0.02, om 500.

Wanda ya fi damuna shi ne na masu haɗa sola, domin gida yake ci. Dutsen guga mai wat 1000 a wutar gida ta bolt 230 amfiya 4.3 kawai yake ja. Mutum ya ga wannan adadi, sai ya sayi siririyar waya ya haɗa batir da inbata. Alhali a ɓangaren batir bolt 12 ne, don haka 1000 ÷ 12 ya haura amfiya 83, ban da abin da inbata ke ci. Zafin waya kuma yana tafiya ne da I × I × R: amfiya ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. Kafin ka taɓa kalkuleta, tambayi kanka: bolt ɗin wane ɓangare nake amfani da shi? Shi ya sa ma manyan inbata ke aiki da bolt 24 ko 48, don amfiya ta ragu.

Akwai kuma zaton wat ɗin da aka rubuta a jikin na'ura ba ya canzawa. Dutsen gugan nan turjiyarsa kusan om 53 ce. Ranar da wuta ta zo ba ƙarfi, ta sauka bolt 180, lissafin V × V ÷ R zai ba ka wat 610 da ɗoriya. Ba lalacewa dutsen ya yi ba, kada a kai shi gyara.

Ƙwan fitila irin na dā mai wat 60 shi ma yana ruɗa ɗalibai. Lissafi ya ce om 880, mitar awo ta nuna ƙasa da 100. Duka biyun daidai ne, domin zaren cikinsa sai ya yi zafi turjiyarsa ke hawa.

Wajen awo, kada ka auna om da wuta a jiki, sai ka cire soket. Amfiya kuma a kan hanyar wutar ake saka mita. Ka ɗora ta baki da baki a kan batir, fiyus ɗinta ne zai tafi.

Firji, fanka da injin ruwa suna da mota, don haka bolt sau amfiya VA yake ba ka, wat ɗin gaskiya bai kai haka ba. Lokacin tashi kuma motar tana jan amfiya ninkin-ba-ninkin, saboda haka ka bar wa janareta sarari sama da abin da lissafi ya nuna.