Yadda za ka tausasa hasken fitilar kyamara

Fitilar LED da ake ɗorawa bisa kyamara ƙarama ce, shi ya sa haskenta yake fiddo maiƙon goshi, ya jefa baƙar inuwa bayan amarya. Maganin shi ne a faɗaɗa mafitar hasken.

Ka sayi farin alawayyo marar kauri a babbar kasuwar Maradi, ka lanƙwasa waya ta yi murabba'i mai faɗin santimita 25, ka ɗinke ƙyallen a kanta har ya miƙe sarai. Ka kafa ta taƙi ɗaya gaban fitilar, domin idan ƙyallen ya manne da gilashin, hasken raguwa kawai zai yi, ba laushi ba.

Ƙurar hunturu tana rina ƙyallen ja, fuska kuma ta ɗauki launin, saboda haka ka riƙa wanke shi.