Kurakuran da Ake Yi Kafin a Kawo Karen Cocker Spaniel Gida a Katsina

A 'yan shekarun nan an fara ganin karnukan ƙasashen waje a wasu gidajen Katsina, musamman a GRA da sababbin unguwannin bayan ganuwa, kuma cikin waɗanda suka fi sace zuciyar yara akwai Cocker Spaniel, madaidaicin karen nan mai laushin gashi da dogayen kunnuwa da suka zubo gefen fuska. Yawancin waɗanda na san sun saye shi hotonsa suka fara gani a Facebook ko TikTok, suka biya kuɗi kafin su tambayi me aka samar da shi ya yi. Daga nan ne sauran kurakuran suke tsirowa.

A Ingila aka samar da wannan iri domin farautar tsuntsaye. Aikinsa shi ne ya kutsa cikin ciyayi ya tayar da tsuntsu, idan maharbi ya harbo shi ya ɗauko ya kawo. Iri biyu ne: na Ingila, mai nauyin kilo 13 zuwa 15, da na Amurka, wanda ya ɗan fi ƙanƙanta, ya fi yawan gashi, kuma a 1946 aka ware shi a matsayin iri na daban a can. Wannan jini na farauta bai bar jikinsa ba. Gidan da ake kiwon kaji da zabi da tattabaru a tsakar gida ya san da cewa ya kawo musu abokin gaba, domin da zarar zabuwa ta buɗe fiffike zai bi ta. Gyaran shi ne a gina akurki mai ƙofa kafin karen ya iso, kuma a fara koya masa amsa kira tun yana kwikwiyo.

Wasu kuma don gadi suke sayensa. Zai yi haushi idan an ƙwanƙwasa ƙofa, amma halinsa na son mutane ne, baƙon da ya shafa kansa sau biyu ya zama nasa. Mai neman tsaron gida ya nemi wani irin.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne kawo shi ba tare da an yi shawara da mutanen gida ba. A gidajenmu kare ba abin shiga ɗaki ba ne, kuma akwai dalili na addini: hadisi ya zo cewa ladan wanda ya ajiye kare yana raguwa a kullum, sai fa na farauta ko na kiwo ko na gona, sannan an yi umarnin wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Wannan magana ce da ya kamata maigida ya zauna da malaminsa a kanta tun kafin ya taya kwikwiyo, ya kuma ji ta bakin uwargida, wadda ita ce za ta wuni da shi. Abin da yakan faru idan an tsallake wannan mataki shi ne, bayan mako biyu Hajiya ta ce ba ta yarda ya taka mata tabarma ba, sai a ɗaure shi a bayan gida kusa da janareta. Cocker Spaniel kuwa yana cikin karnukan da kaɗaici ya fi illatawa. Idan aka bar shi shi kaɗai sa'o'i da yawa sai ya dinga kuka yana tauna duk abin da ya samu. Idan gida ba shi da wanda zai zauna da shi, ya fita da shi yawo na kimanin awa guda a kullum, gara a haƙura tun farko.

Sai batun zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina da Daura yakan haura digiri 40, shi kuwa kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jikinsa. Fita da shi da rana tsaka, ko barinsa a mota a rufe ko da na minti goma ne, na iya kashe shi. A mayar da yawonsa bayan sallar asuba da kuma dab da magariba, a ba shi inuwa mai iska da ƙasa mai sanyi, ruwan randa kuma kada ya yanke a gabansa. Wasu sukan aske shi ƙwal da sunan tausayi, alhali ragewa ake yi, domin gashin yana kare fatarsa daga ƙunar rana.

Kunnuwan nan da suka sa aka saye shi su ne kuma raunin jikinsa. Saboda sun rufe ramin kunne, iska ba ta shiga, danshi da datti sukan taru har su zama ciwo. Wani maƙwabcinmu ya taɓa kirana in duba nasa, wanda ya yi kwanaki yana girgiza kai yana soshe kunne da ƙafar baya. Da na ɗaga kunnen na dama sai wari ya buge ni, cikin ya yi ja, ga baƙin datti kamar kwalli, ga kuma ƙwayoyin ƙarangiya guda uku sun cukurkuɗe a gashin gefen, waɗanda ya kwaso a wani fili a hanyar Batsari bayan damina. Da man ja aka yi ta ɗiga masa. Sai da likitan dabbobi ya wanke kunnen ya rubuta magani, aka yi kusan mako uku kafin ya daina girgiza kai. Da ana ɗaga kunnen sau ɗaya a mako, ana tsane shi bayan wanka, ana taje gashin da mataji duk bayan kwana biyu, da abin bai kai haka ba. Wajen tajewar ne ma ake ganin kaska, wadda take ɓuya a irin wannan gashi ta kuma sa masa cutar da ke shanye jini.

A wajen saye ma ana yin sakaci. Kada a karɓi kwikwiyon da bai kai mako takwas ba, kuma a nemi ganin uwarsa da katin rigakafinsa, domin wannan iri yana gadon ciwon ido da kan kai ga makanta. Allurar cutar gudawa da amai ta kwikwiyo ana fara ta tun yana mako shida zuwa takwas, ta haukan kare kuma a wata uku, sannan a riƙa sabunta ta yadda likita ya tsara. Wannan ta biyun kariya ce ga yaran gida su kansu, tunda haukan kare ba shi da magani idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum.

Abinci ma akwai gyara. Karen nan makwaɗaici ne, yana saurin ƙiba, kuma ragowar miyarmu cike take da albasa da tafarnuwa, waɗanda suke lalata jinin kare. Cakulan da inabi guba ne a gare shi, dafaffen ƙashin kaza kuma yakan tsage ya huda hanji. A ware masa nasa abincin, a auna, a kuma hana yara miƙa masa loma daga kwano.

Kafin a biya kuɗi, maigida ya ɗauki takarda ya lissafa kuɗin abinci da allura da aski da maganin kaska na shekara guda, ya ninka sau 12 zuwa 14, domin shekarun da wannan kare yakan rayu ke nan. Yaron da ya nace a saya masa yana aji huɗu a firamare zai iya tafiya jami'a ya bar karen a gida, don haka sunan da za a rubuta a katin asibitin dabbobi ya zama na babban da zai ci gaba da kai shi.