Katin Aiki a Amurka: Ka Fara Lissafi Tun Kafin Ya Mutu

Ɗan'uwa, ranar da katin izinin aikinka ya iso ta gidan waya, kafin ka ɗauki hotonsa ka tura wa mutanen gida, duba ƙasansa inda aka rubuta ranar ƙarewa. Daga wannan ranar za ka riƙa lissafi da baya. Yawancin waɗanda na gani sun shiga uku a kan takardu, jinkiri ne ya ci su: tsohon kati ya mutu, sabo bai iso ba.

Zan ɗauki DACA in yi misali, domin a nan abin ya fi ciwo. Shiri ne da gwamnatin Obama ta sanar ranar 15 ga Yuni 2012, don waɗanda aka shigo da su Amurka kafin su cika shekara 16, kuma suke zaune a ƙasar tun daga 15 ga Yuni 2007. Ba ya ba mutum izinin zama na dindindin. Gwamnati ce kawai take ɗage korarka na shekara biyu, ta ba ka katin aiki, idan wa'adin ya zo ka sake nema. Kai da ka sauka bara ko bana ba ka cikinsa, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai saka ka, ɗan damfara ne. Ko waɗanda suka cancanta ma, tun hukuncin da alƙali Andrew Hanen ya yanke a Texas a watan Yulin 2021 aka daina amincewa da sababbin masu nema, sabuntawa kawai ake yi. Amma a gidajen da kuke sauka a Bronx ko Greensboro ba a rasa yaron da aka zo da shi a goye, yau ya zama magidanci, a kan wannan shiri yake rayuwa. Kuma lissafinsa da naka kusan ɗaya ne.

Hukumar shige da fice, USCIS, ta ce masu DACA su tura takardun sabuntawa tsakanin kwana 150 zuwa 120 kafin katin ya ƙare, ita kuma burinta ta gama cikin kwana 120. A ce katinka zai mutu ranar 30 ga Satumba, to ƙofarka tana buɗe daga 3 ga Mayu zuwa 2 ga Yuni. Ni dai shawarata ka tura a farkon Mayu. Kwana 120 ɗin nan buri ne, hukumar ba ta ɗauki alkawari ba. Wani ya samu nasa cikin makonni kaɗan, wani kuma a wuce wata huɗu yana leƙen akwatin wasiƙa. Fom uku ne: I-821D, da I-765 na katin aiki, da I-765WS inda za ka nuna abin da ke shigo maka da abin da kake kashewa. Tun Afrilun 2024 kuɗin ya koma dala 555 ga mai turawa ta intanet, 605 ga mai turawa a takarda. Ka fara ajiye su tun da wuri, don kuɗin ne ke sa mutane cewa "bari in karɓi albashin ƙarshen wata", daga nan wata ya bi wata.

Haka ta faru da ɗan wani maƙwabcina. Yana aiki a wani shagon sayar da magani, ya tura takardunsa saura mako shida katin ya mutu. Ranar da wa'adin ya cika, manajan ya kira shi ofis, ya buɗe kwamfuta ya nuna masa fom ɗin I-9, wanda ake tabbatar da izinin aikin ma'aikaci da shi, ya ce doka ba ta yarda ya bar shi a bakin aiki ba sai ya kawo sabon kati. Ba faɗa, ba tsawa, an dai cire sunansa daga jadawalin mako. Ya nuna rasit ɗin da hukumar ta aiko masa, aka ce rasit ba izini ba ne. Gaskiyar manajan ce kuwa, domin masu DACA, waɗanda katinsu ke ɗauke da lambar C33, ba a taɓa ba su ƙarin wa'adi kai tsaye ba. Kusan wata biyu ya yi a gida, babansa ke biya masa kuɗin haya daga kuɗin tasin da uban yake ja da dare.

A da, masu wasu rukunan katin, irin masu jiran hukuncin neman mafaka, idan suka tura sabuntawa a kan lokaci, tsohon katin kan ci gaba da aiki har kwana 540. An soke wannan ga mafi yawan waɗanda suka tura daga 30 ga Oktoban 2025. Don haka idan wani tsohon zuwa ya ce maka "kwantar da hankalinka, rasit ya isa", labarin zamaninsa yake ba ka.

Akwai abin da ya fi rasa aiki muni. Mai DACA da ya bari shekara guda ta wuce bayan mutuwar katinsa, an daina ɗaukarsa mai sabuntawa, ya koma sabon mai nema, su kuwa sababbi ka ji yadda ƙofarsu take. Kuma wanda ya haura shekara 18, kwanakin da ya yi tsakanin tsohon izini da sabo ana ƙirga masa su a matsayin zama ba bisa ƙa'ida ba. A jihohi da dama lasin tuƙi ma tare da katin yake mutuwa.

Bayan ka tura, takardar farko da za ta zo ita ce rasit, wato I-797C, da lamba mai haruffa uku da alƙaluma goma. Da ita za ka riƙa duba inda aka kwana a shafin hukumar. Wataƙila a kira ka ɗaukar hoton yatsu, wataƙila a yi amfani da na baya. Idan an kira ka, kada ka kuskura ka ƙi zuwa. Idan takardun DACA suka haura kwana 105 shiru, kana da damar tura tambaya. Idan abin ya ci tura, je ofishin ɗan majalisar tarayya na yankinku, akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan, kyauta, sai dai ka sa hannu a takardar yarda su bincika maka. Wanda kuma 'yan sanda suka taɓa kamawa, ko kan tuƙi cikin maye, ya ga lauyan shige da fice na gaske kafin ya tura komai. Ban ce mai shagon cike fom na bakin titi ba.

Sai maganar adireshi, wadda mu mutanenmu muka fi sakaci da ita saboda yawan tashi daga wannan ɗaki zuwa wancan. Doka ta ce ka sanar da hukumar cikin kwana 10 da sauya gida, fom ɗin AR-11 ne, minti kaɗan a intanet. Sanar da gidan waya kaɗai bai wadatar ba. Sannan idan a gidan wani kake raɓe, samo 'yar takarda da salatif ka manna sunanka a cikin akwatin wasiƙar, yadda aka rubuta shi a fasfo, ba laƙabin da ake kiranka da shi a masallaci ba.